Taliyar Shinkafa, Faranti Ɗaya

Matata ta daina cin abinci a tsakiyar zafin shekarar da aka fara yi mata maganin ciwon daji. Ba fushi ta yi da kowa ba. Ta ce duk abin da ta sa a baki ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata, kamar ta tsotsi makulli. Tana kai loma ɗaya sai ta ajiye cokali, ta ce mini ta ƙoshi, ta kuma yi mini murmushi don kada in matsa.

Duk ranar da muka je asibiti, kafin a ɗaura mata ruwan magani sai ta hau ma'auni. Likitar da ke duba ta mace ce mai magana a tsanake, tana rage saurin Larabcinta don mu fahimta. A zuwanmu na ƙarshe ta dubi takarda, ta dube ni, ta ce idan nauyin ya sake raguwa za a ɗage maganin da ke tafe har sai jikin ya iya ɗauka. Ni injiniyan ruwa ne, ban karanci likitanci ba. Amma na san ciwon ba zai tsaya ya jira mu ba don mun ɗage magani. Tun daga ranar, lissafina ya koma abu ɗaya: ta ci wani abu kafin ta sake hawa ma'aunin nan.

Muna zaune a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad, a hawa na biyu na wani gini da ke bayan layin shaguna. 'Ya'yanmu biyu suna jami'a a gida Najeriya, don haka mu biyu ne kawai a gidan. Matan 'yan garinmu da ke Riyad ba su bar mu ba. Kullum sai kula ta iso: tuwon shinkafa da miyar kuka, faten doya, kunun gyaɗa, wata rana kabsa, dafa-dukar shinkafa ta Larabawa, daga matar maƙwabcinmu Balarabe. Kowace kula za ta ciyar da mutum biyar. Matata takan buɗe, ta shi wa mai abincin albarka, ta rufe. Ni nake cin abin da zan iya, sauran in sauka da shi wurin mai gadin ginin.

Wata rana da la'asar tana kwance a kan darduma, iyakwandishan yana hura ta, sai ta ce, "Malam, ka san abin da nake marmari?"

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Taliyar nan ta Bankok."

Kafin in sami aiki a nan mu taso, ta yi shekaru tana fatauci. Takan je Bankok tare da wasu mata, su saro kayan yara da takalma, ta sayar a Kano. Ta ba ni labarin wata mata Musulma da ke da teburi a bakin lungun masaukinsu, tana soya wata taliya mai faɗi da ake yi da shinkafa. Su can suna kiran abincin fad tai. Ta ce yana da tsami, yana da zaƙi, yana da gishiri, kuma babu wanda ya danne ɗan'uwansa. Ta ce, "Ina jin wannan ba zai yi mini ƙarfe a baki ba."

Na fara da abin da na iya, wato na yi oda daga wani gidan abinci. Kafin mai kawowa ya ratsa cunkoson titi ya iso, taliyar ta huce ta manne wuri ɗaya, ta kuma ɗauki warin robar da aka zuba ta. Matata ta buɗe, ta kawar da kai. Dama a asibiti sun ce ta fi amfani da abin da aka dafa a gida aka ci nan take. Na gane babu makawa sai na shiga kicin da kaina, ni da na kai shekara hamsin ban wuce dafa shayi da soya ƙwai ba.

Abin da ya ba ni mamaki da na bincika kayan haɗin shi ne yawancinsu namu ne. Tsamiya muna da ita a leda, ta kunun azumi. Gyaɗa soyayya tana nan a kwalba. Akwai ƙwai da tafarnuwa da lawashi da lemon tsami. Abin da suke yankawa ƙanana su soya a ciki awara ce, irin wadda ake sayarwa a ƙofar kowace makarantar firamare a gida. Wurin sukarinsu na ce mazarƙwaila za ta yi. Na je Bataha, shagunan da mutanen Asiya ke sayayya, na sayo taliyar da jatan lande da tsiron wake da wata kwalba ta ruwan kifi mai gishiri wadda warinta ya kusa sa in mayar da ita. Kasko kuwa, na ƙosan matata na ɗauko, mai zurfi, baƙi ƙirin, wanda ta taho da shi daga Kano. Ganin kayan jere a kan kanta ya sa na ji kamar abin ba zai gagare ni ba.

Ranar gwajin farko ƙanin matata yana nan. Direba ne a wani kamfani, yana zaune a unguwar Jaradiya, kuma tun yana ƙarami akwai wasa tsakaninmu. Shi ya kawo mazarƙwailar. Na ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, na juye leda biyu na taliya na rufe, kamar yadda na ga ana yi wa taliya tun ina yaro. Da na buɗe, babu sauran zare ɗaya da za a iya rabawa da ɗan'uwansa. Na juye a kasko duk da haka, na yi ta juyawa.

Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Injiniya, siminti ka kwaɓa? Ka bari in kira 'yan aikin gini, suna neman irinsa a unguwar Badi'a."

"Kai, fita mini daga kicin."

"Wallahi in Yaya ta ci wannan, ma'aunin asibiti sai ya karye. Ka ga an huta."

Daga ɗaki na ji dariyar matata, siririya, ta ƙare da tari. Rabon da in ji ta yi dariya an daɗe, don haka ban ji haushinsa ba.

Na koma na kalli yadda ake yi a waya. Ashe ba a tafasa wannan taliya. Jiƙa ta ake yi a ruwa har ta yi laushin lanƙwasuwa amma da sauran taurinta, sai ta ƙarasa nuna a cikin kasko. Washegari na jiƙa, na dama tsamiya na tace, na narka mazarƙwaila a ciki, na zuba ruwan kifi ina ɗanɗanawa. Komai ya tafi daidai har zuwa lokacin zubawa. Na auna na matata, na auna nawa, na tuna ƙaninta zai biyo da yamma, na tuna matar maƙwabcinmu da ba mu taɓa mayar mata da kwanonta da wani abu a ciki ba, na ƙara hannu guda don ko wani zai shigo. Kaskon ya cika har baki. Ƙarar suya ta mutu nan take, ruwa ya taru a ƙasa, taliyar sama ɗanya, ta ƙasa ta dagargaje.

Matata ta fito tana dafa bango, ta zauna a kan kujerar da ke ƙofar kicin. Ta dubi kaskon ta ce, "Malam, na mutum nawa ka zuba?"

Na lissafa mata.

"Ai shi ya sa. Matar nan ta Bankok ba ta taɓa haɗa na mutum biyu ba. Ko layi ya kai titi, faranti ɗaya take yi, ta juye, ta goge kasko, ta sake. Mukan ce mata mu da yawa ne, tare muke, ta haɗa mana. Sai ta girgiza kai kawai."

Dalilin bai yi mini wuyar ganewa ba. Wutar gas ta gida ba ta da ƙarfi, idan aka cika kasko zafinsa yana faɗuwa, suya ta koma dahuwa. Abin da ya yi mini wuya daban ne. A gidan da na tashi, mahaifiyata ba ta taɓa auna tsaba da yawan mutanen gida ba. Kullum sai ta ƙara na baƙo, ko an san zai zo ko ba a sani ba. Mutumin da ke ɗora tukunya don cikinsa shi kaɗai, a wurinmu ko dai marowaci ne, ko wanda ba shi da kowa. Na tsaya ina kallon ɗan abin da ya kamata in jiƙa, bai cika tafin hannuna ba, sai na ji kamar ina gwajin wata rayuwa da ke tafe, wadda zan riƙa girka faranti ɗaya a wannan kicin ɗin babu kowa a ɗaki. Na yi ta'awwuzi, na san tunanin banza ne, amma bai bar ni ba. Ina jin shi ya sa hannuna yake ƙara taliya ba tare da na umarce shi ba.

Akwai kuma wata matsalar. Sha'awar abinci ba ta zama a jikin matata. Takan zo mata kamar ta minti kaɗan, ta ce yanzu za ta iya, in aka yi jinkiri tashin zuciya ya dawo, shi ke nan sai wata rana. Don haka na koyi shirya komai tun da safe. Taliya a jiƙe, miyar tsamiya a kofi, awara a yanke, jatan lande a ɓare cikin firiji, gyaɗa a dake. Kwana biyu na shirya haka, kiran bai zo ba.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, ban ma cire babbar riga ba, na ji ta ce daga ɗaki, "Malam, in kana da abin nan, yanzu zan iya."

Na kunna wuta na ɗora kasko. Mai ya fara hayaƙi, na zuba tafarnuwa, sai aka danna ƙararrawa.

Ƙaninta ne, tare da dattijon da muke kira Baba da wasu mutum biyu. Baba shi ne babban 'yan garinmu a Riyad. Shi ya tarbe ni a filin jirgi lokacin da na fara zuwa, a gidansa na kwana har na sami wurin zama, shi ya bi ni ofis-ofis har iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito. Yanzu ƙafa ta hana shi yawo, ba ya hawa bene sai dole. Ya hawo namu don ya duba matata. Kowa ya san abin da ya kamace ni: in kashe wuta, in zaunar da su, in durƙusa mu gaisa a tsanake, ya tambayi mai jiki in amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, in kawo shayi da dabino, kuma da yake lokacin cin abinci ne, ga ƙamshi ya cika gida, in gabatar musu da abin da ake dafawa.

Na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, "Baba, sannu da zuwa. Ku shiga ku zauna. Ku yi mini haƙuri, ina zuwa."

Ya ce, "Ya mai jiki?"

Na amsa masa ina tafiya.

Tafarnuwar ta ƙone. Na kwashe ta, na goge kaskon, na sake zuba mai. Wannan karon hannuna bai ƙara komai ba. Na zuba awara da jatan lande, suka yi ƙara, na tura su gefe. Na tsame taliyar, ɗan abin nan da bai cika tafin hannu ba, na jefa, na kwarara miyar tsamiya a kai. Ƙarar ba ta mutu ba. Taliyar ta sha miyar ta koma ruwan ƙasa, zarenta a rarrabe, tana sheƙi. Na buɗe wuri a tsakiya na fasa ƙwai, na bar shi ya kama kafin in motsa. Tsiron waken na bar shi ya nuna sosai, domin an hana ta cin ɗanyen abu. Lawashi, sannan na juye a faranti, na barbaɗa gyaɗa, na ajiye yankin lemo a gefe. Duk wannan bai kai tsawon gaisuwar da na yanke ba.

Hanyar ɗakin kwana daga kicin sai ta gaban ƙofar falo. Da na iso, Baba ya ɗaga hannuwa yana addu'a, sauran suna amsawa. Matata yake yi wa addu'a, a cikin gidana, yana kiran Allah da sunayensa yana roƙa mata sauƙi. Wurin zamana yana nan a buɗe kusa da shi. Na san addu'ar Baba ba gajera ba ce. Na dubi tururin da ke tashi daga farantin. Na wuce ta gabansu da faranti ɗaya a hannu, ina cewa amin ba tare da na tsaya ba. Na ga idon ɗaya daga cikin baƙin ya bi farantin.

Ta tashi zaune, na sa mata matashi a baya. Ta matsa lemo, ta naɗo taliyar da cokali mai yatsu, ta kai baki. Ta daɗe tana tauna.

"Tsamiya ta yi kaɗan," ta ce. Ta sake naɗowa. "Gyaɗar kuma ka dake ta da yawa, ta zama gari. Ɓarzawa ake yi."

"Ƙarfen fa?"

"Yana nan, amma baya-baya."

Ta yi loma ta uku, ta huɗu. Sai ta karkata kunne. "Muryar wa nake ji a falo?"

Na so in ce ƙaninta ne kawai. Na ce, "Baba ne ya zo duba ki."

Ta ajiye cokalin. "Baba? Ya hawo benen nan? Me ka ba su?"

"Ban ba su komai ba tukuna."

"Innalillahi. Malam, ka bar Baba a falo ka zo ka zauna kana kallon bakina? Tashi ka je. Ka ɗauki wannan ma ka kai masa."

"Hajiya, ba inda za ni sai kin cinye."

"Za ka sa a ce ba mu da tarbiyya."

"A ce. Ina nan zaune."

Ta harare ni irin hararar da na sani tun muna da ƙuruciya. Na gyara zama a bakin gado na harɗe hannuwa. Da ta ga da gaske nake, sai ta ɗauki cokalin ta ci gaba, da sauri fiye da dā, tana haɗiyewa da ƙyar, tana cewa tsakanin loma, "Tsoho da ciwon ƙafa. Ko ruwa." Ta ci har ya rage ɗan kaɗan a gefe, ta tura mini farantin ta ce, "To, ga shi. Jeka, don Allah."

Da na fito, Baba yana bakin ƙofa, ƙanin matata ya durƙusa yana sa masa takalmi. Shi ya dafa musu shayi, na ga kofuna a kan tire. Na ce, "Baba, ku dawo ku zauna, yanzu zan yi muku." Ina faɗa na tuna babu sauran taliya a jiƙe, kuma ko akwai, ɗaya bayan ɗaya zan yi, wani yana ci wani yana kallo.

Ƙaninta ya ce, "Baba, ka gode Allah. Na ga girkinsa, gara ka tafi da ƙafarka."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Ba cin abinci ya kawo mu ba. Allah ya ba ta lafiya." Ya dafa kafaɗar ƙanin matata suka fara sauka a hankali. Na bi su har mota ina bayani, cewa abincin ba ya jira, cewa ita ma sha'awar ba ta jira, cewa likita ta ce kaza. Ya ce ya gane. Ya faɗe shi yana kallon gabansa.

A kwanakin da suka rage na yi mata girkin kusan kullum. Na ƙara tsamiya, na daina dake gyaɗa. Wata rana ta ci rabi, wata rana loma biyu, wata rana ba ta kira ba sam. Ba ta sake cin kamar na ranar Juma'ar nan ba. Wannan ya sa har yanzu nake tambayar kaina abin da ya ciyar da ita a ranar, daɗin taliyar ko kunyar dattijon da ke zaune a falo. Idan kunyar ce, to abin da na keta shi ne ya yi aikin, ba girkina ba. Ban tambaye ta ba.

Ranar asibiti ta cire takalmi ta hau ma'auni, ni ina tsaye a bayan ma'aikaciyar jinya ina leƙe. Nauyin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Likita ta ce za a ci gaba. Aka ɗaura mata ruwan, na zauna kusa da ita ina kallon yadda yake ɗiga.

Bayan wannan zagayen ƙarfen ya dawo da ƙarfinsa. Yanzu ko buɗe kwalbar ruwan kifi na yi, sai ta ce in rufe ƙofar kicin. Akwai wani ma'aunin a gaba, da wani bayansa. Baba bai sake hawowa ba. Na je gidansa na gaishe shi, ya karɓe ni, aka kawo mini tuwo a babban kwano, na ci a gabansa. Mun yi hirar komai ban da wannan.

Har yanzu kafin in fita aiki nakan jiƙa taliya, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, in rufe in sa a firiji, ko za ta kira idan na dawo. Jiya ba ta kira ba. Da taliyar ta fara wuce lokacinta na rufe ƙofar kicin, na buɗe taga, na soya ta, na ci a tsaye. Daga ɗaki ta ɗaga murya ta tambaya ko na tuna na ƙara tsamiya. Na ce na ƙara.